Daidaita Aikin Masana Harhaɗa Magunguna a Matakin Farko na Kiwon Lafiya: Tsokaci a Kan Tsarin Amurka

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran da ake tafkawa wajen amfani da magani suna jawo wa duniya asarar kimanin dala biliyan 42 a kowace shekara. Wani kaso na waɗannan kurakurai yana aukuwa ne a ƙananan asibitoci, inda mai hawan jini ko ciwon sukari kan shafe shekaru yana karɓar magunguna iri biyar ko fiye. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka daidaita aikin masanin harhaɗa magunguna a irin waɗannan wurare a ƙasar Amurka, da kuma dalilin da ya sa jerin tambayoyin da yake bi ya zama ƙashin bayan tsarin.

2.0 Asalin Matsalar

A da, aikin masanin magunguna bai wuce karanta takardar likita da miƙa magani ba. A 1990 Charles Hepler da Linda Strand suka kawo ra'ayin cewa alhakin sakamakon da magani ya haifar a jikin majinyaci yana wuyansa shi ma. Daga 2006 kuma shirin inshorar lafiya na tsofaffi, wato Medicare, ya wajabta wa kamfanonin da ke biyan kuɗin magani su tanadi bitar magunguna ga masu cututtuka da yawa.

Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wani masanin yakan taƙaita a kan kiran waya, wani ya kula da cuta ɗaya tak, wani ya bincika dukkan abin da mutum yake sha, alhali duk suna kiran aikin da suna ɗaya. Saboda haka likita bai san abin da zai samu ba idan ya tura majinyaci, mai bincike kuma ba ya iya kwatanta sakamakon wannan asibiti da na wancan.

3.0 Matakai Biyar

A 2014 majalisar haɗin gwiwar ƙungiyoyin masana magunguna ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da JCPP, ta fitar da tsari guda mai matakai biyar:

(a) tattara bayani a kan majinyaci da duk abin da yake sha, har wanda ya saya da kansa da na gargajiya;
(b) tantance kowane magani;
(c) shirya tsarin gyara tare da majinyaci da likitansa;
(d) aiwatar da tsarin;
(e) bin sawu don ganin ko an cim ma buri.

Matakan zagaye suke yi, domin abin da aka gani a na biyar shi ne bayanin da za a sake farawa da shi.

4.0 Jerin Tambayoyi Huɗu

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Strand da abokan aikinta a Jami'ar Minesota, Robert Cipolle da Peter Morley, sun kasa matsalolin magani gida bakwai a ƙarƙashin tambayoyi huɗu. Ta farko: shin akwai dalilin shan wannan magani? A nan ake gano wanda ba a bukata, da wanda ake bukata amma ba a rubuta ba. Ta biyu: shin yana aiki? Mai yiwuwa bai dace da cutar ba, ko adadinsa ya yi kaɗan. Ta uku: shin yana cutarwa? Ko dai yana da illa, ko adadinsa ya yi yawa. Ta huɗu: shin majinyacin yana iya shansa yadda aka tsara?

Hikimar tana cikin jerin. An ajiye batun bin ƙa'idar sha a ƙarshe ne domin babu fa'ida a matsa wa mutum ya lazimci maganin da tun farko bai kamata a ba shi ba. Misali, amlodipine da ake bai wa mai hawan jini yakan sa ƙafa ta kumbura. Idan aka ɗauki kumburin a matsayin sabuwar cuta, sai a ƙara masa maganin sa fitsari. Wanda ya fara da tambaya ta huɗu zai ja kunnen majinyacin ne kawai ya sha duka biyun. Wanda ya bi jerin kuwa zai tarar cewa na biyun ba shi da dalili, na farkon ne ke bukatar ragi ko canji. Haka nan diclofenac da dattijo ya saya don ciwon gwiwa yana iya ɗaga hawan jini, ya kuma taɓa ƙoda. Idan ba a tambaye shi a matakin farko ba, sai a yi ta ƙara maganin hawan jini a banza.

5.0 Iyakar Tsarin

Daidaita matakai bai daidaita iko ba. A Amurka dokar kowace jiha ce ke fayyace ko masanin zai iya canza adadin magani da kansa, galibi bisa rubutacciyar yarjejeniya da likita. Tsarin yana kuma bukatar lokaci da damar duba fayil ɗin majinyaci da sakamakon gwajin jini. Ingila ta bi hanya makamanciyar wannan, inda daga 2015 hukumar lafiyarta ta soma sanya masana magunguna a asibitocin likitocin unguwa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa daidaitawar ba ta kawo sabon magani ba. Abin da ta kawo shi ne tambayoyi iri ɗaya, a jeri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya na rubuta amsa, ta yadda likita da ma'aikaciyar jinya da masanin magunguna za su karanta fayil guda su fahimci juna. A Nijeriya, inda dokar 2022 ta ɗora wa Majalisar Harhaɗa Magunguna kula da masana da kuma masu kemis, tambayoyin nan huɗu ba su bukatar na'ura ko kuɗi mai yawa. Suna bukatar horo ne, da rubuta amsar a inda ma'aikaci na gaba zai same ta.