Na'urar Rarraba Intanet ta Gida da Matsalar Keɓaɓɓiyar Hanya

A ranar 4 ga watan Yuni na shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da dandalin Twitter a Nijeriya, ba a kuma ɗage dokar ba sai ranar 13 ga Janairu, 2022. A cikin waɗannan watanni bakwai ne haruffa uku, wato VPN, suka shiga bakin jama'a. A unguwanni irin su GRA ta Katsina, inda gida guda kan haɗa wayoyi da kwamfutoci da talabijin a kan na'ura ɗaya, tambayar da ta biyo baya ita ce: me zai hana a ɗora VPN a kan na'urar da ke raba wa kowa intanet, a huta? Amsar ita ce, da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba a ƙera su da wannan iko ba. Wannan maƙala za ta duba dalili, da kuma abin yi.

Zauren Gida da Manzo

Na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta, tamkar zaure take a gidan Bahaushe: duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta cikinta. Saƙon da wayarka ta aika yakan fita ne a yayyanke cikin ƙananan ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi. A yau mafi yawan shafuna suna kulle abin da ke cikin saƙo, amma kamfanin sadarwa yana iya gane shafin da ka nufa. Ta haka ne ake toshe wani dandali idan an ba da umarni.

VPN gajarta ce ta kalmomi uku na Ingilishi, ma'anarsu kuwa keɓaɓɓiyar hanya a cikin hanyar jama'a. Alal misali, a ce ka rubuta wasiƙa, ka saka ta cikin ambulan na biyu, ka like, ka aika wa wani manzo a Landan, shi kuma ya buɗe ya miƙa ta ga mai ita. Ma'aikacin gidan waya na nan gida sunan manzon kawai zai gani. Likewar nan lissafi ne da ke hargitsa saƙo yadda ba mai warware shi sai mai mabuɗi.

Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku

A nan ne masu saye suke ruɗewa, domin haruffan VPN a jikin kwali suna iya nufin abu uku dabam-dabam. Na farko, rauta ce mai ba da hanya kurum: idan wayarka tana da nata VPN, za ta bar saƙon ya wuce, amma ita ba ta like komai. Na biyu, rauta ce mai amsa kira, wato saba, wadda ke ba ka damar shiga kwamfutar gidanka daga nesa. Na uku ita ce mai kira, wadda masu sana'ar ke ce wa kilayan. Ita kaɗai ce ke tuntuɓar manzo da kanta, ta like saƙonnin dukkan mutanen gida. Wannan ta ukun ita ce aka fi rasawa.

Me Ya Sa Aka Rasa Ta?

Dalili na farko shi ne ƙarfin ƙwaƙwalwa. Kowane ƙunshi sai an yi masa lissafi wajen fita, an kuma warware shi wajen shigowa. Wayoyi da kwamfutocin zamani suna da sashe na musamman don irin wannan lissafi. Kamfanin Intel ya sa shi cikin na'urorinsa tun 2010. Rauta mai araha kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa gare ta, idan aka ɗora mata wannan kaya sai gudun intanet ya ragu ƙwarai.

Na biyu shi ne kasuwa. Kamfanin da ke sayar da rauta tare da layinsa burinsa ya sayar da data, don haka yakan zaɓi na'ura mai sauƙin kuɗi da sauƙin sarrafawa, wadda ba za ta jawo masa koke-koke ba.

Na uku shi ne tsufan tsari. Wasu rautoci suna da kilayan, amma na PPTP, tsarin da ya fito tun shekarun 1990. A 2012 masana suka nuna yadda ake karya makullinsa, a 2016 kuma kamfanin Apple ya cire shi daga na'urorinsa. Tsare-tsaren da ake dogaro da su yanzu sun haɗa da OpenVPN, wanda James Yonan ya fitar a 2001, da WireGuard na Jason Donenfeld, wanda aka shigar cikin Linux a 2020. WireGuard ya fi sauƙin nauyi, shi ya sa ya fi dacewa da ƙananan na'urori.

Hanyoyin Mafita

Mafi sauƙi ita ce a sa manhajar VPN a kan kowace waya da kwamfutar da ke buƙata. Sai dai a lura: idan ka kunna VPN a wayarka, ka kuma raba wa wasu intanet daga gare ta, yawanci saƙonninsu ba sa bi ta keɓaɓɓiyar hanyar.

Hanya ta biyu ita ce a sayi rauta ta biyu mai kilayan, a jona ta da ta farko da kebul. Ta farko ta kawo intanet, ta biyu ta yi likewa. Kafin a biya kuɗi a nemi ganin sunan OpenVPN ko WireGuard a jerin ayyukanta, a kuma tuna cewa ita ma za ta ci wuta.

Ta uku ita ce sauya manhajar cikin rautar baki ɗaya. A 2003 aka matsa wa kamfanin Linksys ya saki rubutun manhajar rautarsa WRT54G, saboda a kan Linux aka gina ta. Daga nan aka haifi OpenWrt a 2004, manhaja ta kyauta da ke aiki a kan ɗaruruwan rautoci. Amma ba kowace rauta ke karɓarta ba, kuskure ɗaya kuma yana iya kashe na'urar ɗungurungum. Kulob ɗin kimiyya na makaranta zai iya gwadawa a kan tsohuwar rauta, ƙarƙashin kulawar malami.

Abin da VPN Ba Ta Yi

A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Funtuwa. A wannan hali VPN ba ta amfana wa kowa komai ba, domin a kan hanyar da ke akwai take bi. In an datse hanya, manzo ba shi da ta cewa. Haka nan ba ta hana ɗan damfara yaudarar wanda ya miƙa lambar sirrinsa da hannunsa. Kuma manzon da kansa yana ganin duk inda wasiƙunka suka nufa. Saboda haka wanda ya ɗora VPN na kyauta da bai san mai shi ba a kan rautar gida, ya danƙa sirrin iyalinsa duka ga baƙo ke nan.

Kammalawa

Kafin maigida ya kashe kuɗi, ya kamata ya tambayi kansa abin da yake son karewa, da wanda yake ɓoye wa, da wanda zai amince wa a madadinsa. Ɗalibin da ya fahimci bambancin mai ba da hanya da mai amsa kira da mai kira, shi ne zai iya raka mahaifinsa shago ya hana a sayar masa da abin da ba shi ya zo nema ba.