Karayar da Ke Zuwa Ba Faɗuwa Ba Buguwa

Da zarar hunturu ya kankama, filayen wasa na makarantun Birnin Kudu da Gwaram sukan bushe su yi tauri kamar daɓe. Idan shirin gasar wasanni ya zo daidai da wannan lokaci, ɗalibin da ya shafe hutu bai yi gudu ba sai a wayi gari yana zagaya fili safe da yamma, wani lokaci ma ba takalmi. Bayan 'yan makonni sai ya fara ɗingishi yana kukan ƙwauri. Tun da bai faɗi ba, kuma babu wanda ya haure shi, akan ce raki ne kawai. Alhali kuwa mai yiwuwa ƙashinsa ne ya tsage.

Ƙashi abu ne mai rai. A shekarar 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Wasu ƙwayoyin halitta suna cinye ɓangaren da ya gaji, wasu kuma su biyo baya su cike gurbin. Matsalar ita ce, rushewar makonni kaɗan take ɗauka, ginin kuwa watanni. Idan aka tsananta gudu a wannan tsakani, ƙananan tsagu sukan taru wuri ɗaya, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa har ta katse. Tun a 1855 likitan soja Breithaupt ya lura da irin wannan ciwo a ƙafafun sojojin Farusiya bayan doguwar tafiya a ƙasa.

Ciwon tsoka yakan bazu, ya lafa idan jiki ya ɗumama. Na tsagewa kuwa yana tsayawa a wuri guda da za a iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa da gudu, daga baya har cikin dare. Ɗalibin ba ya iya tsalle da ƙafar ita kaɗai, irin na 'yan langa. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata, musamman wadda ba ta cin isasshen abinci ko wadda al'adarta ta ɗauke.

Irin wannan ɗalibi asibiti ya kamata a kai shi, alal misali Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ƙashin bai goce ba, saboda haka babu abin ja ko murzawa. Sai dai hoton ƙashi yakan fito lafiya lau a makonni biyu zuwa uku na farko, kuma wannan ba hujjar komawa fili ba ce. Yawanci hutun mako shida zuwa takwas ya isa, tare da nono, kifi da zogale, sannan a koma gudu sannu a hankali. Tsagar da ke gaban ƙwauri ita ce mai taurin kai: tana iya kai watanni, kuma idan aka ci gaba da gudu a kanta ƙashin yana iya karyewa gaba ɗaya.