Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu: Fasahar Ƙera Ƙananan Jiragen Tarihi

A duk watan Nuwamba, jama'a kan yi cincirindo a garin Telford na ƙasar Ingila domin kallon jiragen saman da ba sa tashi. Jiragen roba ne, akasarinsu ba su wuce tafin hannu ba, jere a kan tebura kamar za a yi fareti. Ƙungiyar masu ƙera ƙananan samfura ta IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, ita ce ke shirya wannan taro. Wanda bai san dawan garin ba, zai ɗauka kayan wasan yara ne, alhali yawancin masu su magidanta ne da dattawa, kuma wani yakan shafe watanni a kan jirgi guda.

Abin da ke cin wannan lokaci ba haɗa roba da gam ba ne kawai. Gwanin wannan fanni jirgi takamaimai yake nufa: mai lamba kaza, na runduna kaza, kamar yadda yake a wata kaza na shekara kaza. Saboda haka kafin hannu ya fara aiki, sai an yi karatu.

Yadda abin ya samo asali

A 1932 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da ƙananan jiragen katako masu suna Skybirds, waɗanda mai saye ke ƙarasa sassaƙarsu da kansa. A 1936 kuma jiragen roba na FROG Penguin suka fito. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai abin ya tashi daga sha'awa ya zama buƙata. Sojan da ke riƙe da bindigar kakkaɓo jirgi yana da daƙiƙoƙi kaɗan ya tantance ko abin da ke tahowa nasu ne ko na abokan gaba. Don haka a 1942 gwamnatin Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000, a shafe su da baƙin fenti, domin koya wa sojoji gane jirgi daga siffarsa kawai.

Bayan yaƙi, kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da ƙaramin samfurin jirgin yaƙin Spitfire na roba a kan farashin da yaro zai iya saya, daga nan kasuwa ta buɗe. A yau akwai Tamiya da Hasegawa a yankin Shizuoka na Japan, da Revell, da Eduard na Jamhuriyar Cek, da wasunsu da dama.

Ma'auni shi ne tushe

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kimar ido ba ta wadatarwa, dole sai da lissafi. Idan aka rubuta 1/72 a jikin kwali, ana nufin an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 72. Faɗin fuka-fukin Spitfire, daga wannan baki zuwa wancan, mita 11.23 ne. A ma'aunin 1/72 zai dawo kusan santimita 15 da rabi. A 1/48 zai zama santimita 23 da ɗoriya, a 1/32 kuwa santimita 35.

Kowane ma'auni da ribarsa. Ƙaramin yana da arha kuma ba ya cin wuri, mutum zai iya tara jirage da yawa a kanta guda. Babban kuma yana ba da damar nuna agogunan da ke gaban matuƙi, da ɗamarar kujerarsa, da wayoyin inji. Sai dai gwargwadon girman jirgi, gwargwadon yadda kuskure ke fitowa fili.

Bincike kafin a taɓa gam

An ƙera Spitfire sama da 20,000, kuma ba kamanninsu ɗaya ba. Wanda ya fafata a sararin samaniyar Birtaniya a 1940, wato samfurin Mk I, yana da ƙananan bindigogi takwas a fuka-fukinsa da farfela mai kunne uku. Samfurin Mk IX da ya shigo a 1942 hancinsa ya fi tsawo, farfelarsa kunne huɗu, kuma yana ɗauke da igwa mai milimita 20. Wanda ya ɗora farfela mai kunne huɗu a kan jirgin 1940 ya yi wa tarihi ƙarya, ko da fentinsa ya yi kyau. Haka batun yake ga Messerschmitt Bf 109 na Jamus, wanda aka ƙera fiye da 30,000 kuma siffar hancinsa da fuka-fukinsa suka sauya ana tsakiyar yaƙi.

Maƙera suna dogaro da tsofaffin hotuna, da littattafan gyaran jirgi na wancan zamani, da kundin ayyukan runduna, da jiragen da suka rage a gidajen tarihi. Ko jirgin gidan tarihin ma ba a miƙa masa wuya baki ɗaya, domin sau da yawa an sake masa fenti bayan yaƙi, ko an cike gurbin wani sashe da na wani samfurin.

Rigimar launi

Babu inda gardama ta fi zafi kamar wajen launi. Jiragen farauta na Birtaniya a 1940 kore ne mai duhu da ruwan ƙasa a sama. A watan Agustan 1941 aka maye gurbin ruwan ƙasan da ruwan toka, saboda faɗan ya koma kan teku da sararin Faransa. Waɗanda aka tura hamadar Arewacin Afirka kuma launin yashi da ruwan ƙasa aka yi musu, cikinsu shuɗi. Jamusawa lamba suke ba kowane launi, har yau maƙera da lambobin suke kiran su.

Matsalar ita ce galibin hotunan lokacin baƙi da fari ne, kuma wani nau'in fim da aka yi amfani da shi yana mai da rawaya ta yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske. Sai mutum ya ga zobe baƙi kewaye da tambarin jirgi, alhali rawaya ne. Jirgin Zero na Japan ya daɗe maƙera suna yi masa fenti fari-fari mai ruwan toka, sai da masu bincike suka duba ɓaraguzan jiragen da aka harbo suka nuna cewa launin ya fi karkata ga toka mai sirkin kore da ruwan zuma. Darasin a nan shi ne abin da kowa ya saba yi ba hujja ba ne.

Wani lokaci ma tsabtar aiki ce ke zama kuskure. Ratsin baƙi da fari da aka yi wa jiragen ƙawance gab da saukar sojojinsu a Normandi a ranar 6 ga Yunin 1944, cikin gaggawa aka shafa su, da yawa da burushi, layukan a karkace. Wanda ya ja su santal da abin awo ya ƙawata jirginsa, amma ya kauce wa yadda da yawansu suke a hoto.

Aikin hannu

Idan an buɗe kwali, za a tarar da sassan jirgin maƙale a jikin firam na roba, da takardar bayani, da takardar tambura. Ana yanko kowane sashe da ɗan almakashi ko reza, a goge bakin da samfefa mai laushi, a gwada shi a mazauninsa tun kafin a sa gam. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da robar yake yi har sassan biyu su zama ɗaya, shi ya sa ɗigo kaɗan ya isa.

Daga mazaunin matuƙi ake farawa, domin da zarar an rufe gangar jiki hannu ba zai sake shiga ba. Bayan an haɗa gangar da fuka-fuki, sai a cike duk wata kafa da makwaɓin cike gurbi, a goge har layin haɗin ya ɓace. Gilashin matuƙi yana buƙatar gam na daban, don tururin gam mai kamawa nan take yakan sa shi ya yi hazo. Masu son ƙarin ƙwalisa sukan sayi siraran sassa na tagulla, waɗanda sai da matsefata ake ɗaukarsu.

Sai fenti: shimfiɗar farko, sannan launi mai haske, sannan mai duhu, da burushi ko ƙaramar na'urar feshi. Kafin a manna tambura ana shafa ruwa mai sheƙi, domin idan fuskar fentin tana da kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashin tambarin ya yi fari-fari. A jiƙa tambarin a ruwa, a zame shi zuwa wurinsa, in ya bushe a rufe da ruwa marar sheƙi. Kowane mataki yana son a bar shi ya bushe sosai, sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufantar da jirgin. Jirgin da ke bakin daga yana da baƙin hayaƙin salansa a gefensa, da tabon mai a cikinsa, da ƙujewar fenti inda matuƙi da makanikai ke takawa. A nan ma da hujja ake tafiya. Alal misali, ana liƙe bakin bindigogin Spitfire da jan ƙyalle don kare su daga sanyi da ƙura. In maƙeri ya nuna ƙyallen a huje, yana faɗin cewa jirgin ya yi harbi ya dawo, to sai a ga alamar hayaƙi a wurin. In ƙyallen lafiya lau yake, yawan baƙin hayaƙi ya zama tufka da warwara.

Inda tarihin ya biyo ta ƙasarmu

Wannan tarihi bai tsaya a Turai ba. Daga watan Satumban 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, Birtaniya ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau. A can ake haɗa su, su taso ta Legas, su sauka Kano, su bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, su ratsa Sudan ta El Fasher da Hartum har Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, cikinsu har da jiragen Hurricane masu yawa, kuma galibi jirgin Blenheim mai inji biyu ke yi wa ayarin jagora. Hurricane ɗin da aka shirya wa hamada yana da matatar iska a ƙarƙashin hancinsa don kare inji daga yashi. Haka kuma a lokacin yaƙin runduna ta 91 ta sojan saman Birtaniya, mai tuƙa Spitfire, sunan Nijeriya take ɗauke da shi. Duk mai neman jirgin da zai fara da shi, ga waɗanda labarinsu ya shafe shi kai tsaye.

Abin lura

Waɗannan jirage makamai ne, an kashe mutane da su, kuma da yawan matuƙansu samari ne da ba su koma gida ba. Ƙera samfurinsu adana tarihi ne, bai kamata ya zama kambama yaƙi ko aƙidar da ta haddasa shi ba. Dokar Jamus ta taƙaita nuna tambarin 'yan Nazi, shi ya sa kamfanoni da dama ba sa buga shi a jikin kwali, wasu ma ba sa sa shi a takardar tamburan.

Ta fuskar lafiya, a yi fenti da gam a wuri mai iska, a rufe hanci lokacin feshi da guga, a kuma nisanta reza da ƙananan sassa daga yara ƙanana.

Kayan haɗawar ba su cika samuwa a kasuwanninmu ba, sai an yi oda, kuma kuɗin sufuri yakan fi kuɗin kayan. Amma wannan ba ya rufe ƙofa. Yaran da ke ƙera mota da kara da gwangwani sun riga sun mallaki hannun. Abin da za a ƙara musu shi ne zanen jirgin ta sama da gefe da gaba, da abin awo, da lissafin rabawa. Da katako mai laushi ko kwali mai kauri za a iya fitar da Hurricane a ma'aunin 1/48. Iyaye da malamai su ba yaro jirgi guda, su ce ya nemo tsawonsa, da shekarar da ya yi aiki, da inda ya yi, da launinsa, kafin ya yanka komai. Kafin ya gama zai yi lissafi, ya karanta tarihi, ya kuma koyi cewa ba a faɗin abu sai da hujja.