Farfaɗiya tana da magani

A garuruwanmu na ƙasar Dakoro, idan farfaɗiya ta kayar da mutum sai kowa ya watse. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ji tsoron yawunsa. Ba haka ba ne. Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Sanƙarau yana iya haddasa ta, haka ma zazzaɓin sauro mai tsanani, da doguwar naƙuda, da rauni a ka.

Tun 1912 aka fara ba masu ita fenobarbital a ƙasar Jamus, wato ƙwayar da muka fi sani da Gardénal. Bayanta an samo wasu magunguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu cutar 10, har 7 suna iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace.

Amma ga inda muke kuskure. Ƙwayar nan kullum ake shanta, shekara da shekaru. Mutum ya ga ya yi wata uku bai faɗi ba, sai ya bar sha. Daga nan cutar ta dawo da ƙarfi, wataƙila a bakin rijiya, ko kusa da murhu. Malamin asibiti kaɗai ke da ikon rage ta. Kada mu saye ta wurin ƴan tebur.

Idan wani ya faɗi, mu janye shi daga wuta, mu kwantar da shi ta gefe guda. Kada mu sa masa cokali ko ruwa a baki. In ya wuce minti 5 yana jijjiga, mu hanzarta kai shi gidan likita.