Ko ka sani? Rana tana iya kashe maciji

Maciji ba ya gumi, kuma jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi yadda na mutum ko na akuya ke yi. Zafin wurin da ya kwanta shi ne zafin jininsa. Shi ya sa manomi a Paiko ko Bosso, kusa da Minna, yakan tarar da shi kan dutse da safe yana shan hantsi, amma da rana ta take sai a neme shi a rasa. Ya ɗumama jiki gwargwadon buƙata, ya ja ciki ya koma rami. Duk rayuwarsa a kan wannan kai da komowa take, tsakanin rana da inuwa.

A wajenmu ba kasafai ake kiwon maciji don sha'awa ba. Wanda aka sani da ajiye shi shi ne gardi, mai yawo da akwati ko ƙwarya yana wasa da shi a kasuwa. Amma a Amurka da Turai kiwon maciji a gida ya zama ruwan dare, kuma wanda suka fi so ɗan ƙasarmu ne: ƙaramar mesar nan da masana ke kira Python regius, wadda ke dunƙulewa ta ɓoye kanta a tsakiya idan ta tsorata. Asalinta dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma daga Gana da Togo da Binin aka fi fitar da ita zuwa ƙetare. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma idan ta samu kulawa takan kai shekara 20 zuwa 30. Masu kiwonta sun daɗe suna muhawara a kan ko ya dace a riƙa fito da ita tsakar gida ta sha iska.

Abin da za a fara dubawa shi ne yadda take zaune a daji. Wuni take yi cikin ramin ɓera ko cikin shuri, inda akwai laima da sanyi-sanyi, sai almuru ta fito farauta. Fili fetal ba wurin hutunta ba ne. Idan ka ajiye ta a tsakar gida ka ga tana ta sauri tana zaro harshe, mafaka take nema, don a sama akwai shaho, a ƙasa akwai kare da kyanwa. Ba ta da fatar ido da za ta rufe, wani siririn ɓawo ne mai haske ya lulluɓe idon, don haka ba za ka gane wahalarta a fuska ba.

Sai batun zafi, wanda a Minna ba abin wasa ba ne. A watan Maris, tsakiyar bazara, zafin rana yakan kai digiri 37 ko ya ɗara, kuma daɓen siminti da rana ta dafa ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Masu kiwon mesa kuwa suna daidaita ɓangare ɗaya na akwatinta a wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya ɓangaren a wajen 25 zuwa 26, ita ta zaɓi inda za ta kwanta. Wannan zaɓin shi ne komai. Macijin da aka bari cikin akwatin gilashi ko na roba a rana ba shi da wurin gudu, akwatin ya zame masa tanda, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci ya mutu. A nan nake tausayin macijin gardi: a zazzage shi kan ƙasa mai zafi da tsakar rana, jama'a sun yi masa zobe, ganga na girgiza ƙasar da yake kwance a kai. Ba shi da kunnen waje, amma ƙasusuwan muƙamuƙinsa suna ɗaukar duk wannan girgiza. Lafewar da 'yan kallo ke ɗauka ƙarfin asiri ne, sau da yawa galabaita ce.

Sanyi ma yana da nasa. Da hunturu, lokacin da daren Minna ke saukowa kusa da digiri 20, narkar da abinci takan yi wa maciji wuya. Idan ya haɗiye ɓera sannan jikinsa ya huce, abincin na iya ruɓewa a ciki, sai ya amayar da shi. Shi ya sa ba a ɗaukarsa ko a fita da shi kwana biyu bayan ya ci, haka ma lokacin da idonsa ya yi hazo zai yi saɓa.

Wasu kan ce ai yana buƙatar hasken rana don ƙashinsa. Ƙadangare da kunkuru kam suna buƙata ƙwarai. Maciji kuwa da yake haɗiye dabba sukutum da hanta da ƙashi, yana samun sinadarin bitamin D daga abincinsa.

A ganina, mai ƙaramar mesa zai iya fita da ita na ɗan lokaci da hantsi, kusa da inuwa, idonsa a kanta, a wurin da ba a zuba maganin ɓera ko na ciyawa ba, sannan ya duba jikinta don kaska idan sun dawo. Ko rami ɗaya a gindin katanga ya ishe ta ɓacewa, kuma maƙwabcin da ya gan ta ba zai tsaya tambayar mai dafi ce ko a'a ba, sanda zai ɗauko.

Amma gamsheƙa ko kasa ko kububuwa, babu hujjar ajiye su a gida, balle fito da su inda yara ke wasa. Ko an cire musu haƙoran dafi, wasu suna sake fitowa. Kububuwa ce ta fi kowane maciji kisa a arewacin Najeriya, ita ke cika gadajen asibitin kula da saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.