Kyautar Kwamfuta Ta Hannu: Ina Lasisin Manhajarta?

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan na'ura mai ƙwaƙwalwa baki ɗaya. Wannan ya sa ɗalibin da ke Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Sandamu, ko Baure, tilas ne hannunsa ya saba da kwamfuta kafin ranar jarrabawa. To, sabuwa kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin makarantu, shi ya sa ido ya koma kan ta hannu, musamman wadda ake samu kyauta.

Akwai ƙungiyoyin sa-kai da wannan ne aikinsu. Misali, Computer Aid International, wadda aka kafa a Landan a ƙarshen shekarun 1990, tana karɓar kwamfutocin da ma'aikatu suka gama da su, a goge duk bayanan da ke ciki, a gyara, sa'annan a aika makarantun ƙasashe masu tasowa.

Sai dai a wajen gogewar nan ne gizo ke saƙar. Kwamfuta gida biyu ce: ƙarfen da ake gani, da manhajar da ke sarrafa shi. Ƙarfe ana sayensa ya zama mallakin mutum. Manhaja irin Windows kuwa, izinin amfani da ita kawai ake saye, wato lasisi. Sau da yawa lasisin da ma'aikata ta saya wa ma'aikatanta a dunƙule ba ya bin kwamfutar da ta kyautar, takardar shaidar da aka manna a jikinta kuma ta kankare, ko ta tsohon yayi ce. Ka ga ke nan an ba ka doki, an riƙe linzami.

Don toshe wannan giɓi kamfanin Microsoft ya fito da tsarin amintattun masu gyara a 2007, ya ƙara da na ƙananan masu gyara a 2010, inda aka riƙa ba su lasisi da rahusa ƙwarai idan kwamfutar makaranta ko ƙungiyar agaji za ta. Haka nan TechSoup, da aka kafa a Amurka a 1987, ta shahara wajen isar da kyautar manhaja ga ƙungiyoyin da ta tantance.

Wani zai ce, ai mai gyara a kasuwa zai ɗora kwafin sata cikin awa guda. Gaskiya ne, amma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare manhajar kwamfuta kamar yadda ta kare littafi. Ban da haka, irin wannan kwafi yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, ta bi filas ta kama sauran na'urorin ɗakin.

Ko lasisin na halas ne, manhaja tana tsufa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ce Microsoft ta tsayar don daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, Windows 11 kuma ba ta karɓar kwamfutar da ba ta da ɗan guntun tsaron nan mai suna TPM 2.0. Saboda haka lafiyayyun na'urori masu yawa za su zo mana da manhajar da mai ita ya juya wa baya.

A ganina, malaman da aka kawo wa irin waɗannan su gwada Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Lasisinta ya yarda a kwafa a rarraba ba tare da biyan ko kwabo ba, wasu nau'o'inta kuma ba su nauyaya wa tsohuwar na'ura. Da ita da LibreOffice ɗalibi zai koyi buga rubutu da lissafi. Wahalarta ɗaya: masu gyaran da suka iya ta ba su kai na Windows yawa ba, don haka sai makaranta ta horar da malami guda ko biyu tun kafin a sauke kwalayen.