Ko Ka Sani? Kowane Gwajin Manhaja Na Iya Amsa Sunansa

Masu rubuta manhaja kan rubuta wata ƙaramar manhaja daban, wadda ba ta da aiki sai farautar kuskuren ta farko. A yaren Go, wanda Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson suka fara ƙerawa a kamfanin Google a 2007, an saba shirya irin wannan gwaji cikin jadawali.

Ɗauki manhajar da ke tantance ko Fabrairun wata shekara na da kwana 29. Mai gwaji zai jera layuka, kowanne da shekara da amsar da ake sa rai: 2024, e; 2023, a'a; 1900, a'a; 2000, e. Tarkon yana wurin 1900. Tana rabuwa gida huɗu ba saura, amma shekarar cikar ƙarni ba ta samun ƙarin rana sai ta rabu gida 400.

A da, duk layukan nan suna ɗaya suke amsawa. In wani ya faɗi, kwamfuta za ta ce gwajin ya faɗi, sauran bayani kuma ya rage ga saƙon da mai gwajin ya tuna ya rubuta. Abin ya fi ciwo in an sa umarnin t.Fatal, domin layin farko da ya faɗi shi ke tsayar da komai. Ka gyara wannan, ka sake kunnawa, sannan na gaba ya fito fili.

Go 1.7, da ya fito a Agustan 2016, ya zo da t.Run. Jadawalin yana nan yadda yake, sai dai an ƙara gurbin suna, kowane layi ya zama gwaji mai zaman kansa. Yanzu a allo za ka ga TestFabrairu/cikar_ƙarni_1900 ne ya faɗi, sauran layukan kuma sun ci gaba har ƙarshe. Kana iya kiran wannan layin shi kaɗai da go test -run, ba sai ka jira sauran ba.

A ganina, zaɓen sunan ne aikin gaske. "Gwaji na uku" bai gaya wa kowa komai ba, amma "cikar ƙarni" ta nuna ƙa'idar da aka taka tun kafin a buɗe fayil. In ka maimaita suna ɗaya sau biyu, Go ba zai hana ka ba; zai liƙa wa na biyun lambar #01, kai kuma ka koma ƙirga layuka don gano wanne ne.